Wa ya tuna S Club 7 da shirinsu na Miami 7?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina gyaran ɗakin Hajiya na ci karo da wani kaset ɗin bidiyo, an rubuta Miami 7 a jikinsa da biro, rubutuna ne na 'yar firamare. A Leeds muke a 1999, Baba yana karatun digiri na uku. Ana tashi daga makaranta sai gudu gida, ko yunifom ba na cirewa, in baje a kafet in kunna BBC. S Club 7 mawaƙa ne 'yan Birtaniya, su bakwai, mata huɗu maza uku, a labarin sun tafi Amurka neman suna sai suka ɓige da aikin otal. Wallahi na ɗauka tun suna yara suke tare. Sai da na girma na ji cewa Simon Fuller, wani manajan mawaƙa, ne ya zaɓo su ya haɗa a 1998, bayan mawaƙan Spice Girls sun raba gari da shi. Akwai wanda ya kalla?

Abba na Kaduna: Wa alaikumus salam Anti. Mu kaset ne ya iso mana, Kawu ya kawo tsaraba daga Landan. Mun kalle shi har hoton ya fara rawa, in zaren ya cije mu zaro mu naɗe da yatsa. Bradley ne gwanina, shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. In za mu kwaikwayi rawar a tsakar gida, rigima ake kan wa zai zama shi.

Ummi B.: Ni ɗayan shirin nasu, Hollywood 7, na fi riƙewa, ƙarshen 2001. Azumi ya faɗo cikin hunturu, a Manchester tun wajen ƙarfe huɗu an sha ruwa. Muna idar da magariba ni da yayata sai mu ja farantin ƙosai gaban talabijin. Mama tana cewa a rage murya, amma ita ma ta san sunan Jo, ta ce ita ce mai muryar gaske.

Baban Sadiq: Abin da ya tsaya min a rai Paul Cattermole ne. Ya fita daga S Club 7 a 2002, sauran suka watse a 2003. A 2018 na ga ya sa kambunsa na BRIT, lambar yabo ta mawaƙa a Birtaniya, a kasuwar intanet ta eBay saboda rashin kuɗi. Mutumin da hotonsa ke liƙe a bangon ɗakina! A Fabrairun 2023 suka sanar za su sake haɗuwa su bakwai, har na fara neman tikiti. Watan Afrilu ya mutu, yana da shekara 46. Hannah, ɗaya daga cikinsu, ta janye, biyar suka hau dandamali. Ban iya zuwa ba.

Maman Ilham: Kai, Baban Sadiq, ranar nan sai da na yi hawaye a ofis. Abba, a Kaduna akwai mai mayar da kaset zuwa filashi? Ina son Ilham ta gani kafin zaren ya lalace.

Abba na Kaduna: Akwai, Anti. Ki ba direban mota ya kawo min, amma ki naɗe shi a leda saboda ƙura.