Kuɗin da ake bugawa lokacin yaƙi: ceto ne ko zalunci?

Nasiru: Assalamu alaikum. Jiya muna gyaran akwatin marigayi kakanmu, wanda ya yi soja a yaƙin basasa, sai na tsinci sule ɗaya na Biyafara a ƙulle cikin tsumma. Na alminiyom ne, ba nauyi ko kaɗan, an buga 1969 a jiki, ga bishiyar kwakwa da rana tana ɓullowa a bayanta. Tun jiya abin ke cina. Ni a ganina duk kuɗin da aka buga cikin yaƙi zalunci ne: a karɓi hatsin talaka da guminsa, a miƙa masa ƙarfen banza.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Amma Nasiru, ka yi kuɗin goro. A Janairun 1968 gwamnatin tarayya ta canza takardun kuɗin Najeriya, waɗanda ke hannun mutanen Gabas suka tashi daga aiki. To da me mace za ta sayi gishiri? Dole aka buga wani abu, ko kasuwa ta mutu.

Nasiru: Allah gafarta Malam, ƙarshensa fa? Da yaƙi ya ƙare a 1970, fam 20 kacal aka ba mutum, komai yawan kuɗin Biyafaran da ya kai banki.

Hajiya Binta: Nan kam ina bayanka, ɗana. Kuma ba yau aka fara ba. A 1689 Sarki James na biyu na Ingila ya rasa azurfar biyan sojojinsa a Ailan, sai ya sa aka narka tsofaffin igwa da ƙararrawa aka buga kuɗi. Har watan da aka buga kowanne an rubuta a jiki, bisa alkawarin za a musanya da azurfa in an ci nasara. Aka ci shi da yaƙi a kogin Boyne a 1690, sabon sarki ya mai da manyan tsabar darajar kwabo. Ka tuna mai gidan abincin da ya ciyar da sojoji wata da watanni, ya tara su cikin tukunya yana jiran alkawari. Wannan mutumin nake tausayi.

Malam Habu: Hajiya, waɗanda suka sha kaye kaɗai kuke kawowa. A 1943 Amurka ta buga sentinta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, don tagulla ta tafi wajen yin harsashi. Sama da biliyan ɗaya aka buga. Mutane sun yi ƙorafin yana tsatsa, yana kuma kama da senti goma, a 1944 aka koma tagulla. Ba wanda ya yi asarar ko anini.

Hajiya Binta: Ai Amurka ba a kewaye take ba, Malam. Ƙarfe ta canza, baitulmalinta na nan daram.

Sadiya: Baba Malam, ku ba ni dama. Akwai na Tabora, a Tanzaniya ta yau, lokacin tana hannun Jamusawa. A 1916 jiragen ruwan Ingila sun tare wa Jamusawa teku, kuɗi ya daina zuwa daga gida. A ma'aikatar jirgin ƙasa suka buga rupi 15 na zinariya mai hoton giwa, da zinariyar da aka haƙo a Sekenke. Wanda ya riƙe wannan, ko Jamus ta faɗi, zinariyarsa na hannunsa. Saboda haka Yaya Nasiru, kalmar "duk" ɗin nan ce ban yarda da ita ba.

Nasiru: Na janye "duk", ƙanwata. Amma a Taboran ai sun buga ƙananan tsabar tagulla da ake kira hela, har da kwanson harsashi aka narka. Ɗan dakon da ya ɗauki kayan soja a ka, wanne kike jin ya shiga hannunsa, giwar ko kwanson?

Malam Habu: Kwanson, ba musu. Sai dai da shi ya sayi abinci a ranar, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Nasiru, kada ka goge sulen nan da toka ko lemun tsami, alminiyom saurin ƙarjewa gare shi. Sa shi a 'yar takarda, ka turo mana hoton ɗaya gefen.