Bengals ta ɗauko gogaggen ɗan katanga ko ta jira diraf?

Masoyin Bengals:
Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu bin NFL, gasar ƙwallon Amurka (American football): idan kwantiragin gogaggen ɗan katanga ya ƙare, wato ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin nan da ke tsare kwatabak (mai jefa ƙwallo), Bengals ta ɗauko shi daga wata ƙungiya ko ta jira diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara, ta zaɓo yaro daga jami'a? Ni dai ina bayan a ɗauko. A kakar 2021 sau 51 aka kayar da kwatabak ɗinmu Joe Burrow kafin ya jefa ƙwallo, babu kwatabak ɗin da ya sha ƙasa kamarsa. Titans sun kayar da shi sau 9 a wasa ɗaya, Rams sau 7 a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, muka faɗi 23-20. Mutumin da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2020, wuyan hannunsa ya samu rauni a 2023, wallahi gabana faɗuwa yake duk lokacin da ya tsaya da ƙwallo yana neman wanda zai jefa wa. Sabon yaro sai ya daɗe kafin ya gane dabarun masu kawo hari, Burrow kuwa shekarunsa tafiya suke yi.

Na Kansas:
Wa alaikumus salam. Malam, ai kun taɓa gwadawa. A 2022 kuka kwaso Alex Cappa da Ted Karras da La'el Collins. Collins ya ji rauni a gwiwa kafin kakar ta ƙare, a 2023 aka sallame shi. Da wuya ƙungiya ta saki ɗan katanga mai ƙoshin lafiya yana kan ganiyarsa. Mu 'yan Kansas City Chiefs da Buccaneers ta lallasa mu 31-9 a Super Bowl, mun ba Joe Thuney dala miliyan 80 na shekara biyar, amma a shekarar muka zaɓo Creed Humphrey a zagaye na biyu, Trey Smith a na shida, kan ɗan albashi. Ku da kuka zuba kuɗi kan Burrow da masu cafe ƙwallonsa Chase da Higgins, nawa ya rage muku a ƙayyadadden kuɗin albashin da NFL ta yarda kowace ƙungiya ta kashe?

Baban Yara:
Kada ku raina tsoho. Andrew Whitworth yana da shekara 35 Bengals ta bar shi ya tafi Rams a 2017, yana da 40 ya ci kofi a kanku.

Masoyin Bengals:
Baba, ka fama mini ciwo. Na Kansas, maganar kuɗi gaskiya ce, shi ya sa ban ce a nemo na gefe ba, su ne masu tsada. Na tsakiya nake so, mai tsayawa kusa da mai miƙa ƙwallo, kwantiragin shekara biyu ya isa. Harin gefe Burrow kan matsa gaba ya kauce masa, amma in tsakiya ta ɓalle babu inda zai taka. A zaɓo yaron ma, ya zauna a benci yana koyo a wurin babban.