"Bishul akum": girkin arna ko girkin bare?

'Yan uwa masu fassara, a kawo agaji. Ina juya wani rubutu kan dokokin abincin Yahudawa zuwa Hausa, na zo kan "bishul akum" na tsaya cak.

Ga ma'anarsa. Ko da nama da kayan miya duk halas ne a wurinsu, in wanda ba Bayahude ba ne ya dafa shi kaɗai, mai kiyaye doka ba zai ci ba. Ba Attaura ce ta hana ba, malamansu ne suka kafa, yana cikin Talmud, babban kundin koyarwar malaman nasu, babin Aboda Zara. Babban dalilinsu: cin abinci kwano ɗaya ke kawo sabo, sabo kuma ya kai ga auratayya.

Ba kowane abinci ba ne. Sai wanda ba a cin sa ɗanye, kuma ya isa a kai gaban sarki. Karas ya tsira, shinkafa da nama ba su tsira ba. Burodi babinsa daban.

Da na yi tambayar a baya, malamin da ya fara amsawa ya ce "girkin arna". A lafazi bai yi nisa ba, don "akum" taƙaitawa ce ta "masu bautar taurari". Amma Allah gafarta Malam, hukuncin ya hau kan Musulmi ma. Bahaushe na jin "arna" zai cire kansa, balle da yake Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, sai ya zaci su ma haka suka ɗauki namu. Ga kuma zafin kalmar.

"Girkin baƙo" ma ba ta zauna ba. Maƙwabcin da kuka tashi tare ba baƙo ba ne, amma dokar ta shafe shi. Bare ne dai. Kuma da ma maganar aure ce tushen abin.

Wata Hajiya ta ce me ya hana "dahuwa"? Hajiya, dokar ta haɗa da gashi da suya. Sannan "girki" ta fi faɗa mini a rai, don girka tukunya kan murhu shi ne ainihin inda malamansu suka raba hanya. Yosef Karo, mawallafin Shulhan Aruk, littafin dokokinsu da aka fara bugawa a 1565, ya ce hura wuta kawai bai isa ba, sai Bayahude ya sa hannu a girkin, kamar ya ɗora tukunyar. Sefardawa, wato Yahudawan da asalinsu Sifen da ƙasashen Larabawa ne, suna kan wannan. Moshe Isserles na Krakow ya sassauta: in Bayahude ya hura wutar, ko ya jefa ɗan tsinken itace, ya wadatar; Ashkenazawa, wato Yahudawan tsakiya da gabashin Turai, shi suke bi. Shi ya sa a gidajen abincin da ke bin Ashkenazawa mai sa ido zai kunna murhu da safe, kuku na kowane addini ya ci gaba da aikinsa.

Na rubuta "girkin bare". Saura kishiyarsa, "bishul Yisrael", wato girkin da Bayahude ya sa wa hannu. Na gwada "girkin gida", na ga za a zaci tuwon uwargida ake nufi, sai na bar shi "girkin Bayahude" kafin wani ya kawo wadda ta fi.