Ɗaki da falo a gidan haya: ina zan kai kayan nan ba tare da na taɓa gini ba?

Maman Hadiza, Sabon Gari:

Salamu alaikum ƴan uwa. Muna haya a nan Damagaram, ɗaki da falo, mu biyu da yara biyu. Ɗakin mita 4 ne a kan 3 da rabi, falon bai kai shi ba. Ginin bulo ne, rufin kwano, kuma mai gidan da ya ba mu haya ya ce ban da fasa bango, ban da ƙara gini. Kaya sun cinye wurin: gado, akwatuna uku, kwanukan jere, buhun hatsi, bido shida na ruwa, ga tukunyar gas. Kullum da dare sai an ture kayan falo kafin a shimfiɗa wa yara katifa. Masu sani, ta ina zan fara?

Kafintan Zango:

Wa alaikumus salam, Maman Hadiza. Kada ki sayi komai tukuna. Samu abin awo ki gwada faɗin kowane bango da inda ƙofa ke kaiwa in an buɗe ta, ki rubuta. Yawancin kabet ɗin da ke tare hanya a gidajen haya da ido aka saye su.

Ɗakinki murabba'in mita 14 ne. Gado mai faɗin santimita 140 da tsawon 190 ya ci kusan uku a ciki, kuma ƙarƙashinsa a banza yake in ƙafafunsa gajeru ne. A ɗaga shi har a samu santimita 30 zuwa 35 tsakaninsa da ƙasa, akwatunan nan uku za su shige. Amma kada a ɗora shi a kan bulo kamar yadda wasu ke yi. Bulo mai rami ne, ƙafar gado tana dannan wuri guda, wata rana sai ya fashe da mutum a kai. A sa kafinta ya ƙara wa ƙafafun katako mai kauri, ya ɗaure da noti biyu-biyu, ya kuma sa ƙafa ta biyar a tsakiya. A manna gadon a kusurwa, tsakiyar ɗaki ta zauna fili.

Sai kanta mai tsayuwa da ƙafarta, wadda ba ta bukatar bango. Tsayi santimita 180, zurfi 35, hawa biyar. Zurfin in ya wuce 40, abin da ke baya ya ɓace ke nan sai ranar tashi daga gidan. Katako mai kaurin santimita 2 kada faɗinsa ya wuce 80 babu abin tallafi a tsakiya, in ba haka ba zai lanƙwashe kamar baka. Masu nauyi a hawan ƙasa, marasa nauyi a sama, saboda yaro in ya kama ta ya hau kada ta biyo shi.

Abu na ƙarshe, gara. A bar rata ta yatsu huɗu tsakanin kanta da bango, yadda tsintsiya za ta shiga kuma ido zai ga hanyar ƙasar da gara ke ginawa tun tana sabuwa. Kwali kuwa abincinta ne, kyankyaso ma a ciki yake ƙwai. Kada a adana komai a kwali a ƙasa.

Hajiya ta Birni:

Ƴata, duk abin da kafinta ya faɗa haka ne, amma ya tsallake maganar da maza ba sa iya faɗa: jere. Kwanon da sai ranar suna ko ranar Sallah ake taɓa shi ba shi da hurumin zama a falon da yara ke kwana. Ware abin da kike girki da shi kullum: tukunya uku, kwanon tuwo da na miya, faranti da kofi daidai yawan mutanen gida da ƙarin biyu na baƙo. Sauran ki jera ƙarami cikin babba, ki sa tsumma ko takarda a tsakani don kada fentin samira ya ɓantare, murafan a haɗa su daban a tsaye. Jeren da ya cika bango guda sai ki ga ya koma tuli biyu. Ki bar saiti guda mai kyau a fili, ya isa a san ke ma an yi miki gara.

Tufafi kuma a raba su da lokaci. Bargo da rigunan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu kawai ake nemansu, sauran wata takwas a ƙasan akwati ya kamata su kwana. A wanke su, su bushe ƙarau kafin a rufe, don ɗan danshi kaɗan da damina ya isa ya sa su fumfuna. A zuba busasshen ganyen dogon yaro a tsakani. Kafur yana korar ƙwari, sai dai yaro yana ganinsa kamar alewa, kuma guba ne, gidan da ke da ƙananan yara gwamma a haƙura da shi. Zannuwan yau da kullum a naɗe su kamar tabarma a jera a tsaye, za ki zaro wanda kike so ba ki wargaza sauran ba.

Katifar yara da safe a jingine ta a bayan kujera a rufa mata zane. Duk abin da za ki bari a buɗe a kan kanta ki tuna da ƙurar hunturun garin nan, a yi wa kantar labule daga sama har ƙasa.

Kuma ku ƴan yanzu kun manta da ragaya. Igiya ce kawai da aka saƙa, a rataye a katakon rufi, ta ɗauki ƙwarya ko kwando da albasa da busasshen tattasai, ɓera bai kai ba, ƙasa ba ta san da su ba. Kilo biyu zuwa uku dai, katakon rufin kwano ba azara ba ne.

Mai Walda, Garin Malam:

Ni ruwan da gas ɗin ne suka fi damuna. Bido mai lita 25 in ya cika kilo 25 ne, shida kilo 150 ke nan. Kada a ɗora su a kantar katako. Ko dai a yi musu teburin ƙarfe mai hawa biyu, uku sama uku ƙasa, da ƙarfen kwana na milimita 40, a shafa masa fentin hana tsatsa, ko kuma a sayi duron roba mai lita 200. Duro ɗaya yana cin ruwan bido takwas, faɗinsa kuwa bai kai santimita 60 ba. Kowa ya san yadda ruwan famfo yake a Damagaram da bazara, ba wanda zai ce ki rage ajiya, sai dai ki rage filin da take ci. Duron ya zauna a inuwa a bakin ƙofa, a kan katako ko ƙarfe, da murfi mai ɗaurewa. Buɗaɗɗen duro gidan sauro ne, kuma yaro mai leƙe yana iya faɗawa da ka.

Tukunyar gas kada ta shiga ƙarƙashin gado ko cikin rufaffen kabet don neman wuri. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci. A tsaye za ta zauna, inda iska ke wucewa, nesa da kurfoti. A riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa a rufe a canza.

Hatsi kuma a ɗaga buhun daga siminti da katako, kada ya jingina da bango. Tiya biyu ko uku na mako a zuba a bokiti mai murfi kusa da wurin girki. In akwai wake, busasshen bido da aka cika har wuya aka toshe bakinsa sosai yana kashe ƙwarin da kansa, don iska ta ƙare musu.

Maman Hadiza, Sabon Gari:

Allah ya saka da alheri, Hajiya maganar jere ta shige ni. Saura ɗaya: ina so in rataye jakunkunan makarantar yara da madubi, amma duk ƙusar da na buga sai siminti ya ɓaro ta faɗo.

Kafintan Zango:

Kina bugawa ne a cikin bulon, inda yake da rami, fatar wurin siririya ce ba ta riƙe ƙusa. Ƙwanƙwasa bangon da yatsa: inda ya yi ƙara kamar ganga rami ne, inda ya yi tauri nan ne layin simintin da ke tsakanin bulo da bulo. Nan za ki buga ƙusar siminti, kan ƙusar ya ɗan kalli sama. Tunda mai gida ya yi magana, ki nemi izininsa kan ƙusa biyu kacal, a kafa katako mai tsawon santimita 60 a kansu, sauran ƙusoshin duk a jikin katakon za su shiga. Jakunkuna kuma a sa mai walda ya lanƙwasa miki ƙugiya mai hawa kan ƙofa, ta rataya ta baya. Ki gwada kaurin ƙofar da ratar da ke samanta kafin ki je, don in ƙarfen ya yi kauri ƙofar ba za ta rufu ba.