Daifol daga sandunan eriyar mota: wa ya gwada, me ya gani?

Ɗan Haya, Kano

Assalamu alaikum. Gidan haya nake, a saman bene, kuma mai gidan ya ce bai yarda a ja masa waya daga wannan katanga zuwa waccan ba. Ko da ya yarda ma filin babu. Cikakkiyar daifol, wato eriya mai hannu biyu ta rediyon da muke magana da juna, ta zangon mita 20 tana cin tsawon mita 10, ta zangon mita 40 kuwa kusan mita 20. Wani ɗan'uwa zai taso daga Amurka, ya ce in faɗi abin da zai riƙo min. Ina tunanin sandunan eriyar mota irin Hamstick guda biyu, a haɗa su gindi da gindi su zama daifol, in ɗaga da yamma in sauke kafin in kwanta. Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa mana yadda ta kaya, kuma wane zango ya kamata in saya. Rediyona Xiegu G90 ce, wat 20.

Tsohon Injiniya, Kaduna

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina da su, na mita 20 da na 40 da na 80, kuma duk na ɗaga su.

Ka fara sanin abin da kake saye. Kowace sanda gida biyu ce. Ƙasa sandar faiba ce mai tsawon kusan ƙafa 4, an naɗe ta da wayar tagulla an rufe da roba. Sama tsinken ƙarfe ne da ke shiga cikinta, ana ɗaure shi da ɗan ƙaramin sukuru. Naɗin nan shi ke sa gajeriyar sanda ta karɓi zangon da tsawonta bai kai ba. Idan ka haɗa biyu, tsawon duka bai wuce mita 5 ba. To ka auna da kanka. A mita 20 kana da rabin tsawon da ake buƙata, a mita 40 kwata, a mita 80 kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Iya abin da tsawo ya gaza, naɗin nan, wato kwayil, ne ke cikewa, shi kuma kwayil yana mayar da wani kaso na wutarka zafi.

Abin da na gani ke nan a aikace. A mita 20 na yi magana da Italiya da Sifen da Burazil da baki, babu wata wahala, sai dai in yanayi ya ƙi. A mita 40 ina jin mutane sarai, su kuma sai na yi ta maimaita lambar kirana. Na mita 80 suna bayan ƙofa, ƙura ta rufe su. Ka sayi na mita 20, in da hali ka ƙara na 17 ko 15.

Baƙon Ohayo, Amurka

Gaskiyar Baba Injiniya ce. Mu nan ita ce eriyar masu fita wuraren shaƙatawa, shirin nan na POTA da ake buƙatar ka samu tashoshi 10 kafin a lissafa fitarka. Ina ɗora tawa a kan sandar masu fenti mai zugewa, in soka gindinta a wani ƙarfe da tayar mota ke takawa. Kafin shayi ya huce na gama haɗawa.

Abu biyu za ka gaya wa mai kawo maka. Na farko, kada ya sayo sanduna kawai, ya haɗo da maɗaurin tsakiya. Wanda aka fi sani shi ne MFJ-347, amma kamfanin ya daina ƙera kaya a masana'antarsa ta Misisifi tun 2024, don haka sai ragowar kanti ko na hannu, ko kuma irinsa na wasu kamfanoni. Na biyu, zaren gindin sandar na inci ne, 3/8-24. Alankin da ke kwance tsinken shi ma na inci ne, ɗan ƙanƙane. Ya sayo maka biyu ko uku da sukurori na ajiya, don ranar da ɗaya ya faɗi cikin yashi an rabu ke nan.

Mai Walda, Zariya

Maganar zaren nan ku riƙe ta da kyau. Wani abokin sana'armu ya kawo min sandunansa bayan wani ya matsa musu noti M10 da ƙarfin tsiya. A ido kamar zai shiga, zagaye biyu sai ya cije, zaren tagullar ya tafi. Mun sha wuya kafin mu gyara.

Maɗaurin kuwa ba sai an sayo daga waje ba in kana da notin da ya dace. Nawa da guntun alminiyam mai kusurwa na yi, na huda rami biyu suna kallon gabas da yamma. Hannu ɗaya yana zuwa tsakiyar wayar kowaks, wadda ke haɗa eriya da rediyo, dole a raba shi da ƙarfen da wosha ta roba. Ɗayan yana haɗe da rigar wayar. Sai na ɗaure duka a kan allon yankan nama irin na roba mai kauri, shi kuma allon na kama shi da sandar ɗagawa. Dalilin allon, in sandar ɗagawarka ƙarfe ce kuma ta taɓa maɗaurin, ta shiga cikin eriyar ke nan, hannu ɗaya ya fi ɗaya, awo ya rikice. Masu sayar da kayan manyan motoci wani lokaci suna da maɗaurin eriya na jikin madubi, zarensa ɗaya da wannan.

Na Yamai

Ni ban yarda a yi wa mita 40 jana'iza haka ba, Yallabai Injiniya. Da baki kam gaskiyarka. Amma ni FT8 nake yi, wato aika saƙo da kwamfuta ta rediyo, a megahaz 7.074, kuma da sandunan nan na shiga Turai da dare ba sau ɗaya ba. Kwamfuta tana tsinto sigina da kunne ba ya ji sam, har wajen desibel 20 ƙasa da shuu ɗin iska, don haka asarar da eriya ke yi ba ta kashe ka.

Inda take ban haushi shi ne ƙuncinta. Wurin da SWR, wato awon wutar da ke komowa daga eriya, ke ƙasa da 2 bai fi kilohaz 40 zuwa 50 ba a wajena. Zangon namu daga 7.000 zuwa 7.200 ne. In na saita ta a kan FT8 sannan na so hawa sama wurin masu magana, sai na sauke, na kwance, na tura tsinke ciki, na sake ɗagawa. Daga baya na samo tsinke na biyu ga kowane hannu, na sa wa kowanne alama da jan farce a daidai inda yake tsayawa.

Kuma a rage wuta. An rubuta wat 250 a takardar tawa, amma wannan lissafin magana da baki ne. FT8 tana riƙe wuta kusan daƙiƙa 13 ba sassauci. Da rana tsaka a watan Afrilu na taɓa kwayil bayan na kashe, na ji ɗumin da ba na rana kaɗai ba ne.

Tsohon Injiniya, Kaduna

Na karɓa, Malam. Wanda zai yi FT8 ya sayi na 40 ɗin. Akwai ma wani amfaninta. In tana ƙasa-ƙasa siginar sama take harbawa ta dawo kusa, ta yi daidai da mai neman Kano zuwa Yamai ko Abuja da safe.

Tunda an zo maganar awo, ga yadda nake yi. Da NanoVNA, ƙaramar na'urar auna eriya, nake aunawa, ba da rediyo ba. Tsinke ya fito, lambar megahaz ɗin da eriya ta zauna a kai ta sauka. Tsinke ya shiga, ta hau. Hannu biyun su zama tsawo ɗaya, a auna da tef, kuma a riƙa motsawa kaɗan-kaɗan, rabin santimita ma yana sauya abu a mita 40. Kada ka saita ta a kafaɗarka ka ce ka gama. Da zarar ta hau sama ta rabu da ƙasa, wurin da ta tsaya zai gusa, yawanci ya hau. Sai an ɗaga an sauke an ɗaga.

In ka ga tsinken yana nutsewa sosai har zai kai cikin naɗin, tsaya. Ƙarfe a tsakiyar kwayil yana ɗaukar zafi, yana iya ƙona sandar daga ciki. Gara ka yanke gindin tsinken da zarto.

Sai abin da mutane suka fi tsallakewa. Ka ɗaga eriya, ka kama wayar kowaks da hannu kana kallon awo. In lamba ta motsa, wutar tana gangarowa ta bayan wayar, wato wayar taka ma ta zama eriya. Maganinsa zoben ferait mai tare wannan wutar, samfurin FT240-31 ko FT240-43, ka naɗa wayar kowaks irin RG-58 sau 10 zuwa 12 a jikinsa dab da maɗaurin. Wayar kuma ta sauko a miƙe, kada ta bi gefen hannu ɗaya.

Wani abu kuma, kada kyawun SWR ya ruɗe ka. Na mita 80 ɗina su suka fi ba ni lamba mai kyau, su ne kuma ba a jin su. Asarar da ke cikin kwayil ita ke cike awon ya kusanci om 50 ɗin da rediyo ke nema.

Mai Darbejiya, Katsina

Ku yi haƙuri, ni dai ban ga abin wahala ba. Kuɗin sanduna biyu da maɗauri da kuɗin kawowa, da shi za ka sayi wayar da za ta yi daifol goma. Ina jefa igiya a kan darbejiya, in ja tsakiyar waya sama, hannuwa su sauko gefe biyu. Na gwada ta gefe da gefe da sandunan wani aboki a mita 20, muna sauyawa da makunni. Waya ta fi, kusan maki guda a ma'aunin sigina, wani lokaci fiye.

Ɗan Haya, Kano

Alhaji, da ina da darbejiya ai da ban buɗe bakina ba. Abin da ke saman benenmu tankin ruwa ne da igiyar shanya.

Malamar Kimiyya, Jos

Mun yi amfani da irinta a taron sikawut na rediyo da ake yi duk ƙarshen mako na uku na watan Oktoba. Wani mai lasisi ne ya zo da kayansa filin makarantarmu, inda ba bishiya ko ɗaya. Gora muka samo mai tsawon kusan mita 6, yara suka riƙe igiyoyi uku aka kafa ta. Abin da ya fi burge su, ana juya gorar da hannu sai muryar da ke can ƙasa ta taso, wata ta nutse. Daifol gefenta take ji, ba bakin tsinkenta ba, ranar suka gani da idonsu.

Gargaɗina biyu. Bakin tsinken nan yana ɗauke da wuta mai ƙarfi lokacin da ake magana, ko da wat kaɗan ne, kuma in tana ƙasa daidai idon yaro yake. A ɗaga ta sama da kai kafin a kunna, a kuma duba wayar lantarki kafin a tayar da gora. Na biyu, halin da ake ciki na tsaro. Mutum ya kafa sanda mai ƙahoni a fili yana magana da Turanci da lambobi, dole a zo tambaya. Mu mun sanar da mai unguwa da jami'an tsaron yankin tun kafin ranar, kuma takardar lasisin tana kan tebur.

Mai Naɗin Kwayil, Maraɗi

Ni ban saya ba, naɗawa na yi. Sandar kamun kifi ta faiba guda biyu, wayar da muke naɗa injin ruwa da ita, tsinke kuma na tsohuwar eriyar rediyo mai zugewa. A kula, akwai sandar kifi ta kabon, baƙa mai sauƙi, ita tana ɗaukar wuta, ba ta yi. Na naɗa fiye da kima sannan na riƙa warwarewa ina aunawa har ta zauna a megahaz 14.200. Wahalar ita ce hannu biyu su fito iri ɗaya. Tana aiki, amma damina ɗaya ruwa ya shiga ƙarƙashin tef ɗin, awo ya gudu. Yanzu roba mai tsukewa da zafi nake sa mata.

Na Yamai

Ɗan Haya, tunda saman bene ka ce, ga abin da zai same ka. Dakin ɗin, wato simintin saman benen, cike yake da rodi, ga tanki in na ƙarfe ne, ga kwanon maƙwabta. Mita 6 daga ƙasa ba ita ce mita 6 daga dakin ba, eriya rodin take gani a matsayin ƙasa. Ka ba ta aƙalla mita 3 ko 4 sama da shi, ka nisanta ta da tankin.

Sai ƙara. Inbata da na'urar cajin sola da ƙwayayen fitila masu arha duk suna zuba shuu a gajeren zango. Nan ne sandunan suka yi min rana. Ina juya su a hankali har bakin tsinke ya kalli gidan da ƙarar ke fitowa, sai ta ragu sosai. Wayar da aka ɗaure a bishiya ba ta juyuwa, Alhaji na Katsina ya ji. Lokacin hunturu kuma busasshiyar iska mai ƙura tana tara wuta a jikin eriya har ka ji tas-tas a bakin waya. In ba ka aiki, cire ta daga rediyo. Da hadari ya haɗo kuwa, sauke ta gaba ɗaya.

Ɗan Haya, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tsayar da shawara: biyu na mita 20, biyu na mita 15, maɗauri, zoben ferait ɗaya, alanki da sukurori. Na 40 sai wani zuwan. Saura tambaya ɗaya, Malam na Ohayo. Sanda mai ƙafa 4 za ta shiga akwatin tafiya kuwa?

Baƙon Ohayo

Ba za ta shiga ba, ko a karkace. Ya yanko fayif na roba mai faɗin inci 3, ya zare tsinkayen, ya naɗe komai da tsumma ya zura, ya toshe baki biyu. Ya tambayi kamfanin jirgin kuɗin dogon kaya tun kafin ranar tafiya, kuma ya riƙe rasit da kwafin lasisinka a hannu saboda masu duba kaya.