Ƙarin ƙwan mace da aka ce ba daji ba ne, zai iya rikiɗewa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 56, kuma al'ada ta ɗauke mata tun shekara shida da suka wuce. Hoton ciki ya nuna ƙari mai faɗin santimita 11 a ƙwanta na dama, irin wanda likitoci ke kira damoyid. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, amma ya ba da shawarar a cire shi. Ita kuwa ta kafe a kan cewa tunda ba ya yi mata ciwo, ba ta ga dalilin da za a yanka ta ba. Shin irin wannan ƙarin yana iya zama daji?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Yana iya rikiɗewa, sai dai ba kasafai ba, domin abin bai wuce 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Damoyid jaka ce mai ɗauke da kitse da gashi da fata, wani lokaci har da haƙori, kuma idan daji ya tsiro a cikinta, galibi daga wannan fatar yake tasowa. An fi ganin hakan ga matan da suka daina al'ada, musamman idan ƙarin ya haura santimita 10, kuma Mama ta haɗa duka biyun. Wannan ba irin jakar ruwan da ke fito wa masu al'ada ba ce, wadda kan ɓace da kanta cikin wata biyu ko uku. Ko da babu maganar daji, ƙari mai wannan girma yana iya murɗe ƙwan, a kwashi mutum zuwa tiyatar gaggawa.

Uwar Biyu:
Na gode, Anti. An yi mata gwajin jini na CA-125, wanda ake yi don neman alamar dajin ƙwan mace, sakamakon bai hau ba. Wannan bai wadatar ba?

Ma'aikaciyar Jinya:
Bai wadatar ba, saboda irin dajin da ke tasowa a cikin damoyid ba lallai ne ya ɗaga wannan gwajin ba.

Baban Yara:
Da aka yi wa yayata irin wannan aikin, a roba aka miƙo mana abin da aka ciro, aka ce mu kai ɗakin gwaje-gwaje, har wasu dangi suka ce asarar kuɗi ce, a binne kawai. Mun kai, kuma ku ma ku tanadi kuɗin gwajin tun kafin ranar tiyata, domin sau da yawa sai an yayyanka naman an duba shi da madubin likita ake gano dajin da hoto bai nuna ba. Idan sakamakon ya fito, ku mayar wa likitan da ya yi aikin ya karanta.