Fanshon Ingila bayan an koma gida: wa ya taɓa ɗauke nasa, kuma nawa haraji ya ci?

Nas mai shirin komawa Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin jinya a Birmingham tun 2009, maigidana kuma yana wani kamfanin sufuri. Yara sun girma, mun yanke shawarar tattarawa mu koma Kano in Allah ya yarda. Abin da ke hana ni barci shi ne fansho. Ina da na NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Ingila, shi yana da na wurin aikinsa, ga kuma na gwamnati da muke sa rai in shekaru sun kai. Wani mai ba da shawara kan kuɗi ya bugo wa maigida waya, ya ce zai iya fitar mana da komai daga Ingila ba tare da haraji ya taɓa ko kwabo ba. Ni dai zancen ya yi mini daɗi da yawa. Don Allah wanda ya riga mu bin wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, ba abin da ya ji ba.

Tsohon likita, Kaduna:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na NHS ɗin cire shi daga lissafi tun yanzu, ba ya ɗaukuwa. Tun 2015 aka hana fitar da irin wannan fansho na ma'aikatan gwamnati zuwa asusun da ake juya kuɗi a kasuwar hannun jari, a cikin ƙasar ne ko a waje. Dalili kuwa babu wata tukunya da aka tara kuɗinki a ciki, alkawari ne gwamnati ta ɗauka za ta riƙa biya. Ni nawa yana nan inda na bar shi, duk wata yana shigowa, kuma duk Afrilu ana ɗaga shi gwargwadon tsadar kaya. Da yadda naira ta koma tun 2023, na gode wa Allah da dokar ta ɗaure mini hannu.

Haraji kuwa Ingila ce ke cire abinta tun daga tushe. Na cike fom ina neman a daina, tunda a Kaduna nake zaune, hukumar harajinsu HMRC ta amsa mini cewa yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da suka ƙulla da Najeriya a 1987 ta bar wa ƙasar da fanshon ya fito haƙƙin karɓa. To, shi ke nan. Ina da fasfon Birtaniya, don haka fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa shi, abin da ya haura ne ake cire kaso 20 cikin 100.

Maman 'yan biyu:
Anti, wannan mai wayar ki ce wa maigida ya toshe lambarsa. Bari in ba ki labarinmu tiryan-tiryan.

A 2021 muna Leeds wani ya zo har falonmu, da kwat da jakarsa ta fata, ya sha shayi ya ci cincin, ya baje takardu masu sheƙi a kan tebur. Ya ce a mayar da fanshon kamfanin maigidana wani asusu a Malta, irin wanda suke kira QROPS, wato asusun waje da ya cika sharuɗɗan HMRC na karɓar fansho daga Ingila. A lokacin gaskiya ya faɗa, babu haraji, domin mazaunin Birtaniya da ya kai fanshonsa wata ƙasar Turai ba a cire masa komai. Mun gaya masa ƙarara cewa muna da niyyar komawa gida. Ya ce ai wannan ma shi ya fi, kuɗin sun fita daga hannun Ingila.

Abin da bai faɗa ba: tun 9 ga Maris 2017 akwai harajin kaso 25 cikin 100 a kan fitar da fansho waje, kuma rangwamen da muka samu yana rataye ne har sai an cika cikakkun shekarun haraji biyar bayan fitarwar. In ka bar yankin kafin nan, harajin ya farka. Mun sauka Abuja a 2023. Da muka sanar da masu riƙe da asusun sabon adireshi, sai wasiƙa ta zo, shafi ɗaya tal, cewa sun cire rubu'in kuɗin sun tura wa HMRC. Maigida ya karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ya ninke ta ya sa a aljihu, bai ce uffan ba sai bayan isha'i. Ga kuɗin kula da asusu da suke yanka duk shekara, ga ladan dillalin da aka zare tun ranar farko, wanda sai daga baya muka gano shi a shafukan ƙarshe. Dillalin kuwa lambarsa ta daina shiga.

Akawu a Manchester:
Allah ya mayar da alheri, Maman 'yan biyu. Ƙari a kan abin da kika faɗa: ita kanta ƙofar Malta an rufe ta. A kasafin kuɗin 30 ga Oktoba 2024 ministar kuɗin Birtaniya ta lokacin, Rachel Reeves, ta soke rangwamen ƙasashen Turai da Gibraltar. Yanzu babbar hanyar tsira daga kaso 25 ɗin ita ce asusun ya kasance a ƙasar da kake zaune, ko ya zama na wurin aikinka ne. HMRC na fitar da jerin asusun da suka yi rajista, sau biyu a wata take sabunta shi. Duk lokacin da na buɗe ina ganin Ostireliya da New Zealand da Indiya da Ireland, ban taɓa cin karo da na Najeriya ba. Asusun fanshon da muke da shi a gida, wanda hukumar fansho ta PenCom ke kula da shi, ba ya ciki. Wanda ya tura kuɗi asusun da ba QROPS ba kuwa, ana lissafa shi a matsayin cirewa ba bisa ƙa'ida ba: harajin kaso 40, a ƙara 15, ya zama 55 cikin 100. Ku tambayi mai wayar sunan asusun da ƙasar da yake, za ku ji ya fara in-ina.

Injiniya a Perth:
Ni na ɗauke nawa, kuma ban yi nadama ba, kada a ce duk wanda ya yi asara ya yi. Sai dai ni Ostireliya na koma, ba gida ba. Sai da na jira na cika shekara 55, domin asusun Ostireliya da ke cikin jerin ba sa karɓar wanda bai kai haka ba. Ingila ba ta cire komai ba tunda ni da asusun ƙasa ɗaya muke. Ostireliya ce ta karɓi nata: in ka wuce wata 6 da zama mazauni kafin kuɗin su iso, ribar da suka yi tun ranar da ka zama mazauni ana cire mata haraji, na zaɓi asusun ya biya kaso 15. Kuma akwai iyakar abin da ake zubawa a shekara, dole na raba shi kashi-kashi. Damuwata ɗaya yanzu, uwargida ta fara maganar komawa Zariya, ni kuwa shekaru biyar ɗin ba su cika ba.

Maman 'yan biyu:
Injiniya ka lallashe ta ta yi haƙuri, Zariya ba ta gudu.

Malama a Dubai:
Nawa bai motsa daga Ingila ba, amma ba a cire mini haraji. Yarjejeniyar Birtaniya da Daular Larabawa ta 2016 ta ba ƙasar da mutum ke zaune haƙƙin harajin fansho, nan kuwa ba a karɓar harajin kuɗin shiga daga mutane. Na nemi takardar shaidar zama daga hukumar harajin nan, na haɗa da fom na aika, aka ba ni lambar NT, ma'ana kada a cire komai. Sai dai cirewar farko da na yi kafin lambar ta fito, an yanke mini haraji na wucin gadi kamar duk wata haka zan riƙa ɗiba. Kuɗin sun dawo, amma bayan watanni da kiran waya mai cin kati. Don haka Anti, amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Dakta yana Kaduna ana cire masa, ni ina nan ba a cirewa, alhali tushen kuɗin ƙasa ɗaya ce.

Baba mai ritaya, Jos:
'Ya'yana, ba ku taɓo na gwamnati ba, shi ne nake ci. Wannan ba a ɗauke shi zuwa ko'ina, biyan ka kawai ake yi a duk inda kake. Sai kana da shekara 10 na biyan inshorar ƙasa, wato kuɗin da gwamnati ke cirewa daga albashi, kafin ka samu komai, 35 kafin ka samu cikakke. Abin takaicin, a Najeriya daskarewa yake yi. Adadin da aka fara ba ni shi nake karɓa har yau, ba ƙari. Abokin aikina da ya koma Jamaika ana ƙara masa duk shekara, wanda ke Amurka ma haka, amma mu da na Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu an bar mu a inda muke. Lokaci-lokaci kuma suna aiko takardar shaidar kana raye, a sa hannu a gaban shaida a mayar. Tawa ta taɓa kwana a gidan waya har wa'adi ya wuce, aka tsayar da kuɗin sai da na aika wata. Ki ba su adireshin da wasiƙa ke isa da gaske.

Mai kula da tsofaffi, Coventry:
Mu da muka zo da bizar kula da tsofaffi a 2022 fa? Nawa yana NEST, asusun fansho na wurin aiki da gwamnati ta kafa, bai taka kara ya karya ba. Na tambaya ko zan kwashe in zan tafi, suka ce sai na kai 55, kuma daga 6 ga Afrilu 2028 zai koma 57. Na dai mayar da shi asusunsu mai bin shari'ar Musulunci, na rubuta sunayen magada.

Akawu a Manchester:
Kin yi daidai ƙanwata, ki adana lambar asusun da ta inshorar ƙasa, ki kuma cike fom P85 na sanar da HMRC kin bar ƙasar ranar tafiya. Maganar magada kuwa kowa ya sake dubawa, domin daga Afrilu 2027 fanshon da mutum ya mutu ya bari zai shiga lissafin harajin gado.

Nas mai shirin komawa Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maigida ya tambayi mutumin sunan asusun, ya ce zai turo ta imel, har yanzu shiru. Dakta, saura tambaya ɗaya: kuɗin naka asusun banki na Ingila suke shiga ko na gida? Bankinmu ya ce zai iya rufe asusu in ba mu da adireshi a nan.

Tsohon likita, Kaduna:
Na Ingila suke shiga, ni nake turowa da kaina in na ga canji ya yi kyau. Banki ɗaya ya rufe mini, ɗayan ya bar ni. Ki tambaye su a rubuce tun kina can, kafin ki mayar da makullin gida.